A Gonakin Kaji na Jos, Inda Ƙwan Mai Shayi Ke Fitowa

Duk wanda ya bi hanyar Zariya zuwa Jos ta Pambeguwa da Saminaka, in dai ba barci yake ba, zai lura da motoci iri biyu. Akwai manya masu nishi suna hawa da buhunan masara, akwai kuma ƙanana da aka cire wa kujerun baya, an jera musu kiret-kiret na ƙwai har rufi, suna gangarowa. Direban ƙwai ba ya ɓuya. Tun rami na nesa yake taka birki, ko da na bayansa za su cika masa kunne da hon. Masarar da ta hau ita ce take saukowa ta zama ƙwai, amma abin da ke faruwa tsakanin hawan nan da saukar nan, mai saye a Kano ko Bauci ko Maiduguri bai cika saninsa ba. Shi dai ya ga ƙwai a teburin mai shayi, ya ce a fasa masa biyu. Wannan tsakanin shi na je gani.

Sanyi ne jarin farko na mai kiwon kaji a Jos, kuma kyauta ya same shi. Garin yana bisa tudu mai tsayin kimanin mita 1,200 daga teku. Kuza ce ta jawo Turawa nan a farkon ƙarnin da ya wuce, ga tafkunan da haƙarta ta bari nan birjik daga Rayfield zuwa Bukuru har Barikin Ladi, amma iskar wurin ce ta sa suka ji daɗin zama. Kazar gidan gona ma ra'ayinsu ɗaya. Ita ba ta gumi. Idan zafi ya dame ta sai ta buɗe baki ta yi ta haki, ta saki fukafukai, ta rage ci, ta ƙara shan ruwa. Ta fi sakewa idan awon zafi yana tsakanin 18 da 24, abin da Kano ba ta gani sai da hunturu, a watan Afrilu kuwa ma'auni kan wuce 40. Hakin nan kuma ba a banza yake tafiya ba, domin iskar da kaza ke fitarwa da yawa tana rage wa jininta sinadarin da ake gina ɓawo da shi. Shi ya sa ƙwan bazara a ƙasar zafi yake zuwa ƙarami, ɓawonsa ba kauri, kana taɓawa yana tsagewa.

Gonar da aka yarda na shiga tana bayan Bukuru, ta wajen hanyar Vom, tsakanin manyan duwatsu da shingen ƙerana irin wanda Birom ke kewaye gonakinsu da shi. Na ce aka yarda, domin ba kowace gona ke karɓar baƙo ba. A bakin ƙofa akwai ɗan kwami na siminti cike da ruwan magani, yaron da ya buɗe mana ya nuna shi da hannu: "Sannu da zuwa, Malam. A taka nan tukuna, ƙafa biyu." Mota a waje ta tsaya. Mai gonar, wata dattijuwa da ta yi ritaya daga aikin gwamnati, wadda kowa a wurin Mama yake ce mata, tun kafin mu gama gaisawa ta tambaye ni ko na shiga wata gona ko kasuwar 'yan kaji a ranar. Ba rashin karamci ba ne. Tafin takalmi ɗaya ya isa ya kawo abin da zai share gona cikin mako guda, kuma duk wanda ya daɗe a sana'ar nan ya san wanda hakan ta faru da shi.

Ɗakin kajin dogo ne, ginin bulo iya gwiwa, sauran kuma waya ce har kwano, an miƙe shi daga gabas zuwa yamma don kada rana ta riƙa leƙawa ta gefe. An rataya tsofaffin buhuna a jikin wayar, ana sakinsu idan hunturu ya matsa. Kafin ka ga kajin za ka ji su, wani irin guna-guni na dubban baki da ba ya yankewa, sai baƙo ya leƙo su yi tsit na ɗan lokaci, su karkata kai su dube shi da ido ɗaya, sannan su koma harkarsu. Ƙasan ɗakin an shimfiɗa masa diddigar katako, irin wadda ake sayowa buhu-buhu daga wurin masu yankan katako na kasuwar Katako. Ma'aikatan sun koya mini awon da ba ya buƙatar na'ura: ka tsuguna daidai tsayin kaza ka ja numfashi. Idan warin kashin ya yi maka yaji a ido, to huhun kajin ya riga ka jin jiki, shimfiɗar ta jiƙe, lokacin juyawa ko kwashewa ya wuce. A nan bai yi mini yaji ba.

Kajin jajaye ne, irin su Isa Brown da Lohmann, sai wani ɗaki na baƙaƙe. Babu zakara ko ɗaya, kuma wannan ne yake ba baƙi mamaki. Kaza ba ta buƙatar zakara kafin ta yi ƙwai, sai dai ƙwan ba zai ƙyanƙyashe ba ko shekara za a yi ana kwanci a kansa. Ina jin daga nan ne jita-jitar nan ta samo ƙafa, wadda takan zagayo a WhatsApp lokaci-lokaci, wai ƙwan gidan gona na roba ne, a masana'anta ake haɗa shi. Wanda ya taɓa sa hannu cikin akurki ya ɗauko ƙwai da ɗuminsa ba zai ƙara tura wannan saƙon ba. Akwai abubuwan tsoro na gaske game da ƙwai, za mu zo kansu, amma roba ba ta ciki.

Yawancin kajin nan tun suna 'yan kwana ɗaya suke zuwa, da dama daga kamfanonin ƙyanƙyasa na yankin Ibadan, cikin kwali mai huji, a motar dare. A nan sanyin Jos yake juya wa mai gona baya. Abin da uwar kaza take so shi ke kashe ɗan tsako, don haka makonnin farko ana yinsu ne da tukwanen gawayi, da leda a jikin waya, da ma'aikacin da ba ya runtsawa. Daga nan sai jerin rigakafi, wani a ruwan sha, wani a ido, wani a fiffike, sai rage tsinin baki don kada su riƙa tsattsagar juna. Mako 18 zuwa 20 kaza za ta yi tana ci ba ta ba da komai. Masu gona suna cewa a nan ake gane mai jari da mai sha'awa, domin da yawa kuɗinsu kan ƙare saura ƙiris ƙwan fari ya faɗo.

Idan ta fara kuwa, aiki take yi ba na wasa ba. Ƙwai ɗaya yana ɗaukar awa 24 zuwa 26 kafin ya kammala a cikinta, kuma kusan awa 20 daga ciki a ginin ɓawo kaɗai suke tafiya, yawanci cikin dare. Kazar da ta samu kulawa tana iya yin ƙwai wajen 300 a shekara. Haske ne yake gaya wa jikinta ta ci gaba, tana son kamar awa 16 a yini, alhali ranarmu ba ta wuce 12 da 'yan kai. Saboda haka ake kunna fitila da asuba da bayan magariba, kuma tunda wutar gwamnati ba abar dogaro ba ce, ga faifan sola a kan kwano, ga janareta a gefe. Yawancin ƙwai da safe yake faɗowa. Na tarar da 'yan mata biyu suna zagayawa da kiret a hannu, suna sa hannu ƙarƙashin kaji suna zarowa, suna duba lungu saboda masu taurin kai da ke yi a ƙasa. Sau da yawa ake kwasa a yini, don ƙwan da ya daɗe a akurki shi ne ake takawa, shi ne ke kwasar kashi, shi ne kuma wata kazar za ta fasa ta ɗanɗana ta koyi mugun hali.

A wata gonar da ke kusa, kajin a keji suke, hawa-hawa, uku ko huɗu a ɗan gurbi, ƙwai na faɗowa ya gangaro gaba kan waya, kashi ya zuba ƙasa. Ƙwan keji ya fi tsabta, lissafinsa ya fi sauƙi, ragguwar kaza ba ta iya ɓuya cikin 'yan'uwanta. Amma ni dai ban ji daɗin kallonsa ba. Halitta ce mai son tono da birgima a ƙasa, aka tsare ta inda ko fiffike ba za ta miƙe sosai ba, fiye da shekara guda. Tarayyar Turai ta haramta irin wannan matsattsen keji tun 2012. A nan muhawarar ba ta ma fara ba, kuma mai gonar da ke fama da kuɗin masara ba zai saurare ta yanzu ba. Na faɗi ne don a san akwai ta.

Kuɗin masarar nan shi ne hirar kowa. Lissafin ba wuya. Kaza mai ƙwai tana cin giram 110 zuwa 120 a rana, wato kaji 1,000 suna tashi da buhu mai kilo 25 kusan biyar kowace safiya, ko an sayar da ƙwai ko ba a sayar ba. Idan suna kan ganiyarsu, a ce 85 cikin 100 sun yi, an samu ƙwai 850, kiret 28 da 'yan kai ke nan, tunda kiret 30 yake ci. Abinci kaɗai yana lashe kusan kashi 70 cikin 100 na abin da ake kashewa. Jos ta yi sa'a a nan ma: ga masarar Saminaka da Jengre da Mangu a kusa, ga waken suya daga Binuwai, ga kamfanonin abincin kaji a cikin gida, irin su Grand Cereals masu Vital Feed da kuma ECWA Rural Development, duk a yankin Bukuru. Wasu kuma da kansu suke haɗawa: masara wajen rabi, sai waken suya ko tunkuza, dusar alkama, garin ƙashi, garin farin dutse saboda ɓawo, gishiri, da ɗan ƙullin bitamin. Tun da aka cire tallafin mai a watan Mayun 2023 kuɗin mota da na hatsi suka yi sama, ɗakunan kaji da yawa suka zama kango. Na wuce wasu a hanya, waya ta yi tsatsa, ciyawa ta fito a inda ake zuba abinci.

Idan abinci ya yi tsada, mutum yakan fara neman na araha, kuma a nan matsalar mai cin ƙwai take farawa ba tare da ya sani ba. Masarar da aka ɗura a buhu ba ta gama bushewa ba, ko tunkuzar da ta sha damina a sito, tana yin fumfuna, fumfunar kuma tana fitar da dafin da ake kira afalatoksin. Yana lalata hantar kaza, ya rage mata ƙwai, ya raunana ta har rigakafi ya ƙi kama ta, ɗan kaɗan daga cikinsa kuma yana iya bi ya shiga ƙwan. Mama ta ɗebo masara a tafin hannu ta sa ni na ciza. Ta ce wadda ta bushe ƙaras take yi a haƙori, wadda ta yi laushi ko take warin ɗaki, ko kyauta ce ba ta so.

Wani abin kuma da na so mai saye ya ji da kunnensa: launin gwaiduwa ba shaidar lafiya ba ne. Kazar da ta ci jar masara gwaiduwarta takan yi ja, wadda ta ci farar masara ko dawa tata takan yi fari-fari, alhali amfaninsu a jiki kusan ɗaya ne. Har sinadarin ƙara launi ake sayarwa a zuba a abinci, saboda an san abin da ido ke so. Haka launin ɓawo, jinsin kaza ne kawai yake nunawa. Abubuwan da muke tsayawa muna zaɓe a kansu a kasuwa, girma da ja da sheƙi, su ne mafi ƙarancin muhimmanci.

Ɗakin tantancewa shi ne wuri mafi shiru a gonar. Mata ne zaune a kan benci, kiret a gaba, kiret a gefe, hannu na tafiya da sauri. Manya gefe guda, matsakaita gefe guda, ƙananan ƙwan sababbin kaji da suke kira fulet nasu daban, masu tsagu kuma a can ƙarshe. Wata takan haɗa ƙwai biyu ta ɗan gwara su a hankali kusa da kunne, ƙarar ce ke gaya mata akwai tsagar da ido bai gani ba. Kowane ƙwai ana dasa shi tsininsa ƙasa, faffaɗan kan sama, domin a faffaɗan kan ne 'yar jakar iska take, idan tana sama gwaiduwa takan zauna a tsakiya, ƙwan ya fi daɗewa. Wanda ya ɓaci da kashi, da busasshen tsumma ko soson waya ake kankare shi. Na tambaya me zai hana a wanke da ruwa a huta, sai suka yi dariya gaba ɗaya.

Dalilin dariyar yana da kyau kowace uwargida ta san shi. Ɓawon ƙwai ba rufaffe ba ne ruf, yana da dubban ƙananan huji da yake numfashi ta cikinsu. Lokacin da kaza za ta saka shi, takan shafe shi da wani ɗan ruwa mai yauƙi wanda yake bushewa nan take ya toshe hujin. Wanki yana cire wannan kariyar. In kuma ruwan ya fi ƙwan sanyi, abin da ke ciki yakan tsuke ya zuƙo ruwan dattin ta hujin, sai ka wanke waje ka ƙazantar da ciki. A Amurka ana wanke ƙwai, amma da ruwan ɗumi da magani a cikin inji, daga nan kuma ba ya rabuwa da firji har ya isa tukunya. A Turai ba a wanke ƙwan da za a kai kanti, ana barinsa da kariyarsa. Mu da ba mu da wutar da za ta riƙe firji daga Jos zuwa Maiduguri, hanyar Turai ce tamu. Mai shagon da ke wanke ƙwai don ya yi sheƙi ya jera a rana, kwanan ƙwan yake ragewa. In za a wanke, a wanke lokacin da za a fasa.

Akwai wani ɗan kabad a ofishin gonar, cike da ƙunshin magunguna da robobi, kuma a gabansa ne hirarmu ta yi nauyi. Kowane maganin kashe ƙwayoyin cuta da ake ba kaza, akwai kwanakin da aka rubuta a jikinsa waɗanda dole a jira kafin a ci ƙwanta ko namanta, domin maganin yana bi ta jini ya taru a gwaiduwa, wadda take ɗaukar kwanaki tana haɗuwa. Wasu magungunan ma an rubuta ƙarara kada a ba kaza mai ƙwai. To, a koma kan lissafin ɗazu. Mutum yana da kaji 1,000, mura ta kama su, ya ba su magani kwana biyar, an ce ya ƙara jiran wasu kwanakin. Kiret 28 kowace rana zai haƙa rami ya binne, alhali buhu biyar ɗin nan ba su daina fita ba? Mama ba ta yi mini rantsuwa a kan kowa ba. Abin da ta ce shi ne, wanda ya tsare ƙofarsa da ruwan shansa da rigakafinsa ba ya yawan buɗe kabad ɗin, shi ya sa take tsananta wa baƙi. Na fahimci sauran. Kuma maganin nan a kantin kayan kaji ake sayensa, ba a tambayar takardar likita, wasu ma ba sa jiran ciwo, zubawa suke a ruwa wai don riga-kafi. Ragowar magani ba ta da wari, ba ta da launi, suya ba ta kawar da ita gaba ɗaya. Illarta ba ta kwana ɗaya ba ce. Ƙwayoyin cuta ne suke sabawa da maganin sannu a hankali, ranar da yaro zai kwanta a asibiti a ba shi ɗan'uwan wannan maganin, sai a ga ya ƙi ci.

Abin da ya sa wannan ya fi ciwo shi ne, ilimin yana nan kusa, tafiyar 'yan mintoci. A Vom Cibiyar Binciken Lafiyar Dabbobi ta Ƙasa take, tun 1924, da tsofaffin gine-ginenta da dogayen itatuwa da shanu na kiwo a fili. Cutar bushiya mai kashe shanu ce ta sa aka kafa ta, amma yau kaji na cikin manyan masu cin moriyarta. A nan ake yin rigakafin Niyukasil, cutar nan da ke share kajin ƙauye duk hunturu, da na Gumboro, da na ƙyandar kaji, da na taifot ɗin kaji. A harabarta za ka ga mutane da 'yan kuloli na ƙanƙara sun zo sayen rigakafi, wani kuma da matattun kaji a leda ya kawo a buɗe a gaya masa abin da ya kashe su. Wanda ya yi haka ya fi wanda ya tsaya a kanti yana cewa a haɗa masa mai ƙarfi.

Vom ce kuma ake kai samfuri idan ana zargin murar tsuntsaye. A watan Fabrairun 2006 aka tabbatar da nau'in H5N1 a wata babbar gona a Jaji ta jihar Kaduna, karo na farko a nahiyar Afirka, kafin a ankara ta bayyana a Kano da Filato. Ta sake dawowa da ƙarfi a 2015, kuma tun daga nan ba ta yi nisa ba. Inda ta shiga, kajin gaba ɗaya ake kashewa a binne. Masu gona sun koyi cewa ba tsuntsayen sama kaɗai ke yawo da ita ba. Motar dillali da ta shiga gona biyar a yini ɗaya, da tsohon kiret na kwali da ya je kasuwa ya dawo da ɓurɓushin kashi da fashin ƙwai a jikinsa, su ne 'yan aikenta. Shi ya sa a gonar Mama dillali a bakin ƙofa yake tsayawa, a juye masa ƙwai a nasa kiret, nata kuma ba ya fita.

Ba abin da ake zubarwa a gonar kaji. Kashin ma buhu-buhu ake sayar da shi ga manoman dankalin Turawa na Bokkos da Mangu da masu lambun kabeji da karas, kajin da suka tsufa kuma ana tara su a fitar gab da Kirsimeti ko Salla, lokacin da tsohuwar kaza take da daraja.

Zuwa nan, ƙwan da na gani mai kyau ne. Ya fito da ɗuminsa, an tantance shi, an dasa shi daidai, yana ɗaki mai sanyi. Daga bakin ƙofa labari yake canzawa. Dillali zai loda, mota ta gangara daga tudu, cikin awa biyu ta shiga zafin Bauci, in Maiduguri za ta, akwai kusan kilomita 600 daga Jos, da shingaye da jira a rana. Can zai sauka a shagon babban dila, ya kwana nawa Allah ne masani, ya wuce wurin mai kanti, ya zauna a kan tebur a bakin titi. Duk wannan lokacin ruwan cikinsa yana fita ta hujin ɓawo, jakar iska tana girma, farin yana tsinkewa, fatar da ta riƙe gwaiduwa tana saki. Zafi yana ninka saurin wannan duka. Kuma a jikin kiret babu abin da ke nuna ranar da aka yi ƙwan, balle gonar da ya fito.

Abin ya fi muni idan kasuwa ta cushe. A farkon 2023, lokacin canjin kuɗi da takardar naira ta ɓace daga hannun mutane, mai shayi ya kasa saye, dillali ya daina zuwa, kaji kuwa ba su san da wani canji ba, kullum sai sun yi. Ƙwai ya taru a gonaki har Ƙungiyar Masu Kiwon Kaji ta Nijeriya ta fito tana kuka da asarar da 'ya'yanta suka tafka. Wani an binne, wani an karyar. A irin wannan lokaci tsohon ƙwai da sabo suke cakuɗewa a kiret ɗaya, kuma da zarar sun bar ƙofar gona babu mai iya rabewa.

Wasu ƙasashen sai da suka sha wuya suka gyara. A Ingila, a ƙarshen 1988, wata ƙaramar ministar lafiya, Edwina Currie, ta ce yawancin ƙwan da ake samarwa a ƙasar yana ɗauke da ƙwayar salmonela. Kasuwar ƙwai ta faɗi warwas, ita kuma ta rasa kujerarta cikin makonni biyu. Amma bayan shekara goma, a 1998, masu gonakin suka fito da tsarin hatimin zaki: a yi wa kaji rigakafin salmonela, a buga wa kowane ƙwai lambar gonarsa da ranar da ya kamata a ce an cinye shi. A Turai wa'adin kwana 28 ne daga ranar da kaza ta saka, kuma wannan a ƙasar sanyi ke nan. Salmonela ita ce babbar abar tsoro a ƙwai. Tana iya zama a bayan ɓawo daga kashi, tana kuma iya shiga ciki tun ƙwan bai yi ɓawo ba, idan kazar na ɗauke da ita. Ƙwan ba zai yi wari ba, ba zai canza kama ba. Zafin rana yana sa ta hayayyafa, zafin wuta ne kaɗai ke kashe ta. Zazzaɓi da amai da gudawar da take kawowa, babba mai ƙarfi yakan tashi bayan 'yan kwanaki ya ce shawara ce ko maleriya, amma ga jariri da mai ciki da tsoho abin ba wasa ba ne.

Na ƙarasa yinin a teburin wani mai shayi kusa da Taminus a cikin garin Jos, inda sanyin dare ke sa kowa ya matso kusa da wuta. A ƙarƙashin teburin akwai kiret na masu tsagu, waɗanda ake saya da rahusa, su ne kuma masu gidan burodi da masu kek suke rububi. Ban ga laifin cin ƙwan da ya tsage yau aka soya shi yau ya soyu sosai ba. Laifin yana ga wanda ya tsage shekaranjiya, ƙuda ya bi ta kansa, sannan wani ya zo ya ce a yi masa ruwa-ruwa, ko a kaɗa masa ɗanye a madara wai don ƙarin jini. Kofin da ake kaɗa ƙwai kuma, da cokalinsa, tun magariba suke aiki ba su ga ruwan zafi ba.

Mai saye yana da 'yan dabarunsa, kuma tsofaffi ne. A saka ƙwai a kwanon ruwa: sabo yakan kwanta a ƙasa, wanda ya kwana biyu ya ɗaga kai, wanda ya taso sama baragurbi ne ko yana hanya. Sai dai wanda aka gwada a ruwa a yi amfani da shi nan take, kada a mayar ajiya. A haska shi da tocilan a duhu a ga girman jakar iska. A fasa kowane ɗaya a ɗan kofi daban kafin a haɗa da sauran: sabon ƙwai gwaiduwarsa a tsaye take, farinsa a dunƙule, tsoho kuwa malalewa yake. Ɗan ɗigon jini a ciki ba komai ba ne, jijiya ce ta fashe lokacin da yake haɗuwa. A dafa shi har fari da gwaiduwa su daskare, musamman in yara za a ba, kuma a ba su, a bar zancen nan na wai yaron da ke cin ƙwai ɓarawo zai zama. Ƙwai ɗaya yana da sinadarin gina jiki wajen giram 6, da wuya a samu abin da ya kai shi a kuɗinsa.

Amma duk dabarun nan shekarun ƙwai kawai suke nunawa, ba sa nuna magani, ba sa nuna salmonela. Wannan sai daga gona, kuma ba za a iya tambayar gona ba in ba a san wace ce ba. Ba sai an jira injin buga hatimi irin na Ingila ba. Alƙalamin maka guda ya isa a rubuta sunan gona da kwanan wata a gefen kowane kiret kafin ya hau mota, kuma masu gonar da ke tsare ƙofarsu irin Mama su ne za su fi cin ribar hakan, domin yanzu ƙwansu da na mai ganganci kuɗi ɗaya ake saye. Ƙungiyar masu kaji ta Filato za ta iya fara wannan a tsakanin 'ya'yanta ba tare da jiran doka daga Abuja ba. Kai kuma mai karatu, in ka je sayen kiret, ka tambayi mai shago daga ina ƙwan ya zo, kuma yaushe ya sauka. Da farko zai ce bai sani ba. In masu tambaya suka yi yawa, shi ma zai fara tambayar dillali.